Yadda ake rarrabe tazarar sauti da yadda ake auna ta wajen saita kayan kiɗa

A garin Jos da wuya mutum ya ratsa unguwa da yammacin Asabar bai ji ƙungiyar mawaƙa tana gwaji ba, ko kuma ya tarar da wani matashi ya tasa kibod a gaba cikin ɗan ɗakin ɗaukar waƙa yana laluben kii, wato matakin sautin da waƙa take zama a kai, wanda zai dace da muryar mawaƙinsa. Yawancin waɗannan matasa da kunne suka koyi kiɗa, kuma kunnen nasu ba abin rainawa ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da za a ce wa ɗayansu ya ɗora muryar mata a kan ta maza da tazara ta uku, ko a tambaye shi dalilin da ya sa jitar da ya gama saitawa yanzun nan take daɗi a wani kii amma take tsami a wani. A shekarun da na yi ina koyar da kibod na lura cewa matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne, wato rashin bambance sunan tazara da ainihin girmanta. Suna da ƙirge ake samunsa, girma kuwa sai an auna, kuma ba kullum suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba.

Tazara dai ita ce nisan da ke tsakanin sautuka biyu, wato yadda ɗaya ya fi ɗaya siranta ko kauri. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan tun yana goye, tunda hawa da saukar murya ne ke raba farar da ake soyawa da fara aiki, kuma da wannan hawa da sauka ne makaɗin kalangu yake ambaton sunan mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Abin da ilimin kiɗa ya ƙara kawai shi ne faɗin iyakar hawan. Idan sautukan biyu sun zo bi da bi, kamar yadda mawaƙi ke jan baiti, tazarar ta jere ce. Idan kuwa sun fito lokaci guda, kamar yadda muryoyi huɗu ke haɗuwa a ƙungiyar mawaƙan coci, ta haɗi ce. Hanyar raɗa musu suna ɗaya ce, amma kuskuren awo ya fi tonuwa a ta haɗi.

Fara da ƙirga sunaye

Matakin farko shi ne ka kawar da kai daga baƙaƙen maɓallan kibod, ka ƙirga sunaye kawai. Sunayen bakwai ne, C, D, E, F, G, A, B, ko kuma do, re, mi, fa, so, la, ti ga wanda ya tashi cikin ƙungiyar mawaƙa. Waɗannan gaɓoɓi sun samo asali ne daga Guido na garin Arezzo a Italiya a ƙarni na 11, John Curwen ya yaɗa tsarin rera su da ake kira solfa a Ingila a ƙarni na 19, 'yan mishan kuma suka shigo da shi ƙasar nan. Ka ɗora yatsa a kan sautin ƙasa ka ce ɗaya, sannan ka hau kana ƙirgawa har ka isa na sama. Daga C zuwa E akwai C, D, E, saboda haka ta uku ce. Daga D zuwa A akwai sunaye biyar, ta biyar ke nan. Kuskuren da kusan kowane ɗalibi yake yi a makon farko shi ne ya tsallake sautin da ya tashi daga kansa, sai ya kira ta biyar ta huɗu. Nakan tuna musu da lissafin suna: jaririn da aka haifa ranar Laraba, Laraba mai zuwa ake raɗa masa suna, kwana bakwai aka yi, amma wanda ya ƙirga ranakun har da ta haihuwa takwas zai samu. Haka yake daga do zuwa do na sama, taku bakwai ne amma suna takwas, shi ya sa ake kiranta ta takwas, ko oktef a bakin makaɗa. Alamar shaf, mai ɗaga sauti kaɗan, ko filat, mai sauke shi kaɗan, ba ta taɓa wannan lamba. Daga C zuwa kowane irin E, an ɗaga shi ne ko an sauke shi, ta uku ce.

Mataki na biyu shi ne ƙirga rabin taku. Rabin taku shi ne nisan da ke tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa na jikinsa, fari ne ko baƙi, a jita kuwa shi ne nisan firet ɗaya, wato ƙarafan nan da aka gitta a wuyanta. Wannan ƙirge ya saɓa da na farko, domin a nan motsi ake ƙirgawa, ba a sa wurin da aka tashi a ciki. Oktef ɗaya rabin taku 12 ne. Idan ka duba kibod za ka ga babu baƙin maɓalli tsakanin E da F, haka ma tsakanin B da C, kuma wannan rashin daidaito ne ya sa C zuwa E da D zuwa F suke da suna ɗaya, ta uku, alhali ta farkon rabin taku 4 ce, ta biyun kuwa 3. Ta farkon ita ce babba, wadda makaɗa ke kira mejo, ta biyun ita ce ƙarama, wato maino.

Daga nan tazara ta kasu gida biyu. A gida na farko akwai ta biyu, ta uku, ta shida da ta bakwai, kowaccensu tana da babba da ƙarama, kuma bambancin rabin taku ɗaya ne: ta biyu tana da 2 ko 1, ta uku 4 ko 3, ta shida 9 ko 8, ta bakwai 11 ko 10. A gida na biyu akwai ta huɗu mai 5, ta biyar mai 7, ta takwas mai 12, tare da ta ɗaya, wato muryoyi biyu a kan sauti guda. Waɗannan ba su da babba ko ƙarama, cikakku ake ce musu. Idan aka ƙara rabin taku a kan babba ko cikakkiya ba tare da an canza sunayen sautukan ba, ta zama mai ƙari, idan kuma aka rage shi daga ƙarama ko cikakkiya, ta zama mai ragi. Abin lura shi ne babba idan aka rage ta ƙarama take komawa, sai an sake rage ta kafin ta zama mai ragi, alhali cikakkiya ragi ɗaya ya ishe ta.

Wanda ya riƙe sikelin mejo, wato jerin do, re, mi har zuwa do na sama, da ka ba ya bukatar haddace waɗannan lambobi. Ya ɗauki sautin ƙasa a matsayin do, ya duba ko na sama yana cikin sikelinsa. In yana ciki, tazarar babba ce ko cikakkiya. In ba ya ciki, sai ya duba ya gota sama ne ko ƙasa. Misali daga E zuwa C sunaye shida ne. Sikelin E yana da C shaf, namu kuwa C ne zalla, ya sauka da rabin taku, don haka ta shida ƙarama ce.

Akwai tazara ɗaya da ta cancanci a tsaya a kanta, wato mai rabin taku 6, wadda ta raba oktef biyu daidai. Daga F zuwa B sunaye huɗu ne, ta huɗu mai ƙari ke nan. Daga B zuwa F na sama sunaye biyar ne, ta biyar mai ragi. Wasu tsofaffin marubutan Turai sun yi mata laƙabi da shaiɗan a cikin kiɗa saboda wuyar rerawa da rashin zamanta wuri ɗaya. Ka danna ti da fa tare za ka ji kamar suna neman mafita, ti tana son hawa do, fa kuma tana son sauka mi. Wannan shi ne dalilin da ya sa sunaye suke da muhimmanci ko da maɓallan ɗaya ne. Wani ɗalibina ya taɓa danna C da baƙin maɓallin da ke tsakanin D da E, ya ce, "Malam, ai abu ɗaya nake dannawa, me ya sa wani lokaci za ku ce ta uku ƙarama, wani lokaci ta biyu mai ƙari?" Na ce masa mutum ɗaya ne kawu a wurin 'ya'yan ƙanwarsa, baffa kuma a wurin 'ya'yan ƙanensa. In an rubuta E filat, maɓallin yana zaune ne a gidan C maino. In an rubuta D shaf, baƙo ne mai shirin wucewa zuwa E.

Juyi da ninki ba sa bukatar dogon bayani. Idan ka ɗauke sautin ƙasa ka kai shi sama da oktef, ka juya tazarar, kuma lambobin biyu kullum 9 suke bayarwa in an haɗa su: ta uku ta koma ta shida, ta biyu ta koma ta bakwai, ta huɗu ta koma ta biyar. Babba tana komawa ƙarama, mai ƙari tana komawa mai ragi, cikakkiya kuwa tana nan yadda take. Tazarar da ta zarce oktef kuma a cire mata 7, sai ta goma ta fito a matsayin ta uku da aka ɗora wa oktef.

Littattafan koyarwa suna kuma raba tazara zuwa masu jituwa da masu gogayya. Cikakku da ta uku da ta shida suna cikin na farko, ta biyu da ta bakwai da mai rabin taku 6 suna cikin na biyu. A ganina bai kamata ɗalibi ya ɗauki wannan a matsayin hukuncin kyau da muni ba, domin su kansu Turawan da suka yi rabon sun sauya ra'ayi. An yi zamanin da malamansu ba sa sa ta uku a sahun gaba na masu jituwa, an kuma yi zamanin da suke ɗaukar ta huɗu a matsayin mai gogayya idan ta zauna kai tsaye a kan muryar ƙasa.

Daga suna zuwa awo

Duk abin da aka faɗa zuwa nan suna ne. Domin sanin girma, ka samo jita mai tsirkiyar nailan da awon tela, a nan gani ne zai taimaki ji. Tsawon tsirkiyar daga kan wuya zuwa jaki, wato ɗan abin da take hawa a jikin jitar, galibi santimita 65 ne. Ka kaɗa ta a sake ka saurara. Idan ka danne ta a tsakiya, ka bar santimita 32.5 suna karkarwa, ta takwas za ka ji, domin rabin tsirkiya yana karkarwa ninki biyu na tsirkiya duka. Ana rubuta wannan 2:1. Idan ka bar kashi biyu cikin uku, kimanin santimita 43.3, ta biyar ce za ta fito, 3:2, ma'ana kafin sautin ƙasa ya yi karkarwa 2 na sama ya yi 3. Kashi uku cikin huɗu yana ba da ta huɗu, 4:3. Kashi huɗu cikin biyar, santimita 52 cif, yana ba da ta uku babba, 5:4, biyar cikin shida kuma ta uku ƙarama, 6:5. Ana jingina gano ukun farko ga Pitagoras, masanin nan na Girka. Tazarar da aka samu ta wannan hanya ita ce zan riƙa kira tsantsa, kuma kada a gauraya ta da cikakkiya, domin cikakkiya suna ne, tsantsa kuwa awo. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya zaga duniya, kuma duk sautin da ya fitar ta hanyar rage tsawon tsirkiyar nan da yatsa ya fitar da shi.

Yanzu ka duba inda aka kafa firet. A lissafin masu ƙera jita, na 12 yana kan rabi. Na 7 ya kauce wa kashi biyu cikin uku da kusan rabin milimita, abin da ido ba zai kama ba. Na 4 kuwa, wanda ya kamata ya zauna a santimita 52 daga jaki, yana wajen 51.6, wato ya gota da milimita 4, kuma da gangan aka yi hakan. Domin bayyana irin wannan ƙaramin bambanci ne Alexander Ellis na Ingila ya fito da ma'aunin sent a wajen 1885, inda rabin taku na kibod yake sent 100, oktef kuma 1,200. Da wannan ma'auni, ta biyar tsantsa sent 702 ce, ta kibod 700. Ta huɗu tsantsa 498 ce, ta kibod 500. Ta uku babba tsantsa 386 ce, ta kibod 400, ta uku ƙarama tsantsa kuma 316, ta kibod 300. Wato kibod ya ɗan taɓa ta biyar da ta huɗu ne da sent 2 kacal, amma ta uku ya ƙware ta da sent 14 zuwa 16.

Kunne yana iya jin wannan, in an nuna masa inda zai saurara. Kowane sauti da tsirkiya ko maƙogwaro ya fitar yana tafe da 'ya'yansa, wato wasu siraran sautuka masu karkarwa ninki 2, ninki 3, ninki 4, ninki 5 na uwar, har sama. Idan tazara tsantsa ce, ɗan wannan yana faɗawa daidai a kan ɗan wancan su narke su zama ɗaya. Idan ta ɗan kauce, sai su riƙa gogar juna, a ji sautin yana lilo, wau, wau, wau. Ka zaɓi muryar ogan a kibod, ka kashe duk abin da ke sa sauti rawa, ka danna A mai karkarwa 220 a sakan tare da E na samansa mai 329.6. Ɗan A mai ninki 3 yana kan 660, ɗan E mai ninki 2 yana kan 659.3, saboda haka za ka ji lilo a hankali, ƙasa da sau ɗaya a sakan. Sannan ka danna C na tsakiyar kibod mai 261.6 tare da wannan E ɗin. Da tsantsa ce, da E yana kan 327, amma yana kan 329.6, don haka lilon ya kai kusan sau 10 a sakan, har ya zama kamar ɓari. Mun saba da shi ne har ba ma lura.

Mai karatu zai iya tambaya me ya hana a saita komai tsantsa a huta. Lissafi ne ya hana. Idan ka tashi daga C kana hawa ta biyar bayan ta biyar, C, G, D, A, E, B har gaba, bayan hawa 12 ya kamata ka dawo kan C da ke oktef 7 a sama. To amma 3 bisa 2 idan aka ninka shi a kansa sau 12 kusan 129.75 yake bayarwa, 2 sau 7 a kansa kuwa 128 ne. Rarar da ta rage, kimanin sent 23.5, ba ta da inda za a sa ta. Akwai kuma rara ta biyu, wadda ta fi damun masu kiɗa a aikace: hawa huɗu na ta biyar tsantsa daga C suna kai ka E wanda, in an sauko da shi oktef biyu, yake sent 408 daga C, alhali ta uku tsantsa 386 ce. Bambancin sent 21.5 ne. Ma'anar wannan ita ce babu kayan kiɗa mai kafaffun sautuka 12 da zai iya samun ta biyar tsantsa da ta uku tsantsa a kowane kii.

Masu saita ogan a Turai sun daɗe suna matse ta biyar zuwa kusan sent 697 domin ta uku ta fito tsantsa, sai su tara dukan ɓarnar a kan ta biyar guda ɗaya, wadda ta munana har suka yi mata laƙabi da kerkeci saboda kukanta, makaɗi kuma ya riƙa guje wa kii ɗin da take ciki. Hanyar da ta yi rinjaye daga baya ita ce raba asarar daidai wa daida, kamar yadda abokan ciniki ke raba faɗuwa kowa ya ɗauki kaɗan. Aka rage wa kowace ta biyar sent 2, rabin taku duka suka zama girma ɗaya, kowane sauti yana fin na ƙasansa karkarwa da ninki 1.0595. Zhu Zaiyu, wani yarima masanin lissafi a ƙasar Sin, ya fitar da wannan lissafi a 1584, Simon Stevin ma ya yi aiki a kansa a Holan a kusan wannan zamani. Wannan tsari ne ke cikin kibod ɗinka, shi ya sa za ka iya matsar da waƙa zuwa kowane kii ba tare da ta lalace ba, kuma oktef ce kaɗai ta tsira a cikinsa tana tsantsa.

Saitawa a aikace

Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne A na saman C na tsakiya ya kasance mai karkarwa 440 a sakan, kamar yadda aka amince a wani taron ƙasa da ƙasa a Landan a 1939. Kafin komai ka duba cewa kibod da manhajar awo ta wayarka duka suna kan 440, domin na sha ganin an ɓata rabin awa ana zargin mai jita alhali wani yaro ne ya taɓa saitin kibod. Tsirkiyoyin jita shida, E, A, D, G, B, E, tazara ta huɗu ce tsakanin kowane biyu, ban da G da B da ke da ta uku babba. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kunne, yana kashe lilo gaba ɗaya a kowane mataki, zai tara 498 sau huɗu da 386 sau ɗaya, jimla 2,378, alhali oktef biyu 2,400 ne. Wannan giɓi na kusan sent 22 shi ne tsamin da yake ji idan ya canza kii. Maganinsa shi ne a gwada kowace tsirkiya da sauti guda ɗaya, ta hanyar oktef wadda ba ta ƙarya. Ka ɗauki A daga kibod ka saita tsirkiyar A. Sannan ka danna E mai kauri a firet na 5, D a firet na 7, G a firet na 2, B a firet na 10, E siririya a firet na 5. Dukansu A suke bayarwa, sai ka gwada kowanne da tsirkiyar A a sake har lilo ya tsaya. In tsirkiya ta zarce, ka sassauta ta ta sauka ƙasa sannan ka hauro da ita, domin wadda aka saita tana saukowa ba ta cika zama ba.

Ƙungiyar mawaƙa tana da 'yancin da kibod ba shi da shi, tunda maƙogwaro ba shi da firet. Idan ana riƙe haɗin ƙarshe na do, mi, so ba tare da kiɗa ba, masu riƙe mi su ɗan sassauto kaɗan ƙasa da yadda kibod ya koya musu, a haɗin maino kuwa masu riƙe ta uku su ɗan ɗaga. Ba sai an yi musu maganar sent ba. A sa masu do da masu so su tsaya tukuna har muryoyinsu su kwanta, sannan a shigo da masu mi a hankali a ce su nemi wurin da ɓarin zai ɗauke. Ranar da suka same shi da kansu za su gane, domin haɗin yakan cika ɗaki fiye da yawan masu rera shi. Shawarata ga mai kibod a irin wannan wuri ita ce ya danna do da so kawai, ya bar wa muryoyi mi.

Inda wannan ilimi ya fi amfani a wurinmu shi ne haɗa kibod da kayan gargajiya. Da yawa daga cikin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya, masu kama da do, re, mi, so, la, sai mai kibod ya ɗauka ai an gama, alhali kama ce kawai. An taɓa kira na wani ɗakin ɗaukar waƙa a cikin garin nan inda aka gayyato wani dattijo mai goge domin ya sa hannu a wata waƙar biki. Matashin da ke kan kwamfuta ya riga ya gina kiɗansa a kii ɗin G. Da dattijon ya ja, sai allurar manhajar awo ta riƙa tsayawa tsakanin B da B filat, ba ta nan ba ta can. Matashin ya zare abin kunnensa ya ce, "Baba, a wurin nan kuna ɗan sauka, ko za a ƙara ɗaure tsirkiyar?" Dattijon ya dube shi ya ce, "Ɗana, tsirkiya lafiyarta lau, nan ne mazaunin wannan muryar." Ya sake ja sau uku, sau ukun allurar ta koma wuri guda, mai kuskure kuwa ba ya dawowa wuri ɗaya haka. Da ya fita salla sai matashin ya bi ta kan gogen da manhajar gyaran murya da suke kira ototun, ya tura sautin kan B, nan take gogen ya koma kamar muryar ƙaramin kibod na wasan yara.

Abin da dattijon yake kaɗawa ta uku ce a suna, amma a girma tana tsakanin babba da ƙarama, kuma tana da gurbinta a ilimi. Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya auna wani mazaunin yatsa a wuyan molon Larabawa mai suna udu da ake jingina wa Zalzal, makaɗin Bagadaza, ya same shi 27:22, kusan sent 355. Irin wannan ta uku matsakaiciya ce ke cikin maƙamar Rast, wato wani sikeli na Larabawa, kuma a taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932 an yi muhawara kan raba oktef kashi 24 domin samar wa irinta wuri.

Hanyar da nake bi a irin wannan haɗi ita ce kibod ya bi goge. A fara sa makaɗin ya ja sautin da waƙarsa take kwanciya a kai, a ɗauke shi a matsayin do, a matsar da kii zuwa mafi kusa, sannan a cike ragowar da saitin sent na kibod har lilo ya tsaya. Daga nan a sa shi ya kaɗa waƙar a hankali, ana rubuta inda kowane sauti yake tsayawa a takarda. Wasu kibod na Yamaha da Korg, musamman waɗanda aka yi domin kasuwar Gabas ta Tsakiya, suna ba da damar sauke sauti guda da sent 50 ko yadda ake so. In naka ba ya yi, ka cire ta uku daga haɗinka ka tsaya a kan do da so. Kada kuma a dogara da awon safe har yamma. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, kuma a sanyin Disamba da Janairu sarewa da algaita sukan fito ƙasa da mazauninsu har sai numfashi ya ɗumama su, fata tana ɗaurewa a bushewar hunturu ta saki a damina, kibod kuwa yana nan inda aka bar shi. A bar makaɗan su yi minti goma ko sha biyar suna kaɗawa a cikin ɗakin kafin a auna, in an tashi cin abinci aka dawo kuma a sake gwada do kafin a danna ɗauka.